Filinge: Lissafin da ƴan ci-rani ke tsallakewa wajen saya wa ƴan uwa babban allon kwamfuta

Cikin saƙonnin murya da matasan Filinge ke tura wa ƴan uwansu da ke ci-rani a Abijan, Kwatano, Legas ko Faransa, ba kuɗin gero da na magani kaɗai ake roƙo ba. Wanda ya buɗe shagon buga takardu ko na ɗaukar hoto yakan nemi a taimaka masa da babban allon kwamfuta.

Tambayar da kan biyo baya ɗaya ce: inci nawa? Amsar ma ba ta cika canzawa ba, wato gwargwadon girmansa, gwargwadon daɗinsa.

Sai dai lambar inci, wadda ake rubutawa ɓaro-ɓaro a jikin kwali, ba ta faɗin yawan aikin da allo zai nuna. Akwai allo mai inci 32 da ba ya nuna ko layi ɗaya fiye da abin da ƙaramar kwamfutar tafi-da-gidanka mai inci 14 ke nunawa. Akwai kuma mai inci 24 da ke nuna kusan ninki biyu na abin da wancan ƙaton ke iya ɗauka.

A Yamai, wanda ya yi kuskuren saye zai iya komawa shago da yamma ya nemi a canza masa. Filinge kuwa tana da nisan kusan kilomita 180 arewa maso gabas da babban birnin, a kan hanyar da ta ratsa Balleyara, cikin jihar Tillaberi inda matsalar tsaro ta sa ba a ɗaukar tafiya da wasa. Kayan da ya iso ya iso ke nan.

Aikin da ake yi da allon

Masu neman babban allo a babban garin ƙasar Kurfai galibi ba don kallon fim ko wasan kwamfuta suke nema ba. Aikinsu na takarda ne. Mai shagon buga takardu yana rubuta wa mutane wasiƙar neman aiki da yarjejeniyar cinikin fili. Malamin makaranta yana tattara makin ɗalibai. Ma'aikacin lafiya yana shigar da alƙaluman riga-kafi na ƙauyuka cikin manhajar DHIS2, wadda ma'aikatar lafiya ta Nijar ke amfani da ita. Matashin da ya samu aikin wucin gadi da ƙungiyar agaji yana tantance jerin sunayen waɗanda za a raba wa tallafi. Mai hoto yana gyara fuskar da za a manna a katin shaida.

Duk waɗannan ayyuka jadawali ne da fom, layi a kan layi, shafi a gefen shafi. Kuma kwamfutar da ta fi sauƙin samu a kasuwar gwanjo ita ce tsohuwar tafi-da-gidanka ta ofisoshin Turai da Amurka, wadda allonta sau da yawa ke da ɗigo 1366 a kwance da 768 a tsaye.

Ɗigo, wanda masana ke kira fiksel, shi ne ƙwayar haske mafi ƙanƙanta a jikin allo. Kowane harafi da kowane hoto da waɗannan ƙwayoyin ake gina shi. Adadinsu ba ya ƙaruwa, ba ya raguwa, yadda kamfani ya ƙera allon haka zai mutu.

Ga inda abin ke ciwo. A manhajar Excel, kowane layi na cin ɗigo 20 a tsaye idan ba a taɓa saitinsa ba. Allo mai ɗigo 768, bayan an cire wurin da maɓallan sama da na ƙasa suka cinye, yana barin layi ashirin da ƴan kai. Wanda ke da sunaye 600 a gabansa zai yini yana hawa yana sauka. Allo mai ɗigo 1080 a tsaye na ƙara masa layi 15, mai 1440 kuma ya ƙara wasu 18 a kan haka. Inci bai shigo lissafin ba ko kaɗan.

Saboda haka idan matashi ya ce allonsa ya yi masa ƙarami, abu biyu yake iya nufi. Ko dai rubutun ne ya yi ƙanana idonsa na wahala, ko kuma wurin aikin ne ya yi kaɗan. Maganin na farko inci ne, maganin na biyu ɗigo. Yawancin masu ƙorafin na biyun ke damunsu, amma na farkon ake sayo musu.

Tiya ɗaya, tabarma biyu

Manomin Kurfai ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Tiya ɗaya ta gero idan aka shanya ta a faifai za ta rufe shi ruf. Idan aka baza ta a babbar tabarma, geron bai ƙaru ba, tazara ce kawai ta shiga tsakanin ƙwayoyin. Bambancin da ke akwai shi ne, a jikin allo ba tazara ce ke shiga ba, ƙwayoyin ne ke kumbura har ido ya fara ganin kusurwoyinsu.

Ana auna wannan cunkoso da yawan ɗigon da ke cikin inci ɗaya. Inci, wanda masu shago a Yamai ke kira pouce, santimita 2.54 ne, kuma girman allo daga kusurwa zuwa kusurwa ake auna shi, ba daga gefe zuwa gefe ba.

Lissafin bai fi ƙarfin kalkuletar waya ba. A ninka lambar kwance da kanta, a ninka ta tsaye da kanta, a haɗa su, a danna alamar √, sannan a raba abin da ya fito da yawan inci. Ga allo mai 1920 da 1080, wanda ake kira Full HD, abin da ke fitowa kafin rabawa shi ne 2203. A inci 24, ɗigo 92 ke nan a kowane inci. A inci 27 ya sauka zuwa 82. A inci 32 ya koma 69.

Duka ukun ɗigo miliyan 2 da dubu 73 da 600 suke da shi. Layukan Excel ɗaya suke nunawa, shafukan Word ɗaya. Wanda ya ƙara kuɗi ya bar mai 24 ya ɗauki mai 32 ya samu gilashin da filinsa gaba ɗaya ya ƙaru da kashi 78 cikin ɗari, amma bai samu ƙarin harafi ko ɗaya ba.

Sai an canza lambar ɗigon ne labari ke canzawa. Allo mai 2560 da 1440, wanda ake rubuta wa QHD, yana da ɗigo miliyan 3 da dubu 686 da 400. A inci 27 yana ba da 109 a kowane inci. A inci 32 yana ba da 92, daidai da kaifin Full HD a inci 24, amma da wurin aiki da ya kusa ninkawa.

Lambar da ta dace a riƙe a ka ita ce 96. A kanta aka gina manhajar Windows: idan ba a taɓa saitin girman rubutu ba, tana ɗauka cewa allon da ke gabanta na da ɗigo 96 a inci. Allon da ke kusa da wannan lamba, tsakanin 90 da 110, yana nuna rubutu da girman da masu manhajar suka nufa. Wanda ya yi ƙasa sosai yana nuna shi ƙato-ƙato da gefuna masu kaushi. Wanda ya yi sama sosai yana nuna shi kamar ƙwayar tafasa, sai an shiga saiti an ƙara masa girma.

Akwai dalilin da ya sa matasan yau ke saurin jin haushin allo maras kaifi fiye da yayyensu. Idonsu ya saba da waya. Ko wayar Tecno ko itel mai araha, mai ɗigo 720 da 1600 a inci shida da rabi, tana da kusan 270 a kowane inci. Wanda ya ɗaga ido daga wannan ya sauke a kan 69, dole ya ga kamar an shafa wa rubutun man shanu.

Tarkon talabijin

Inda aka fi yin asara shi ne wajen talabijin. Hujjar mai saye tana da ma'ana a fuska: talabijin mai inci 32 sau da yawa ta fi allon kwamfuta mai inci 27 araha, tana da ramin HDMI, kuma idan an rufe shago za a kalli ƙwallo. Jifa ɗaya, tsuntsu biyu.

Amma kallon kitse ake yi wa rogo. Talabijin masu araha na wannan girman, da yawansu ɗigo 1366 da 768 gare su, wato daidai da tsohuwar kwamfutar da ake gudu. A inci 32, wannan na nufin ɗigo 49 a kowane inci, rabin abin da Windows ke tsammani. Mai shagon ya kashe kuɗin ɗan uwansa, ya cika teburinsa, kuma layi ashirin da ƴan kai ɗin nan dai su ne a gabansa, sun kumbura kawai.

Rubutun jikin kwali na ƙara rikita mutane. Tambarin HD Ready, wanda ƙungiyar masu ƙera kayan lantarki ta Turai ta fito da shi a 2005, yana tabbatar da layi 720 ne a tsaye a matsayin mafi ƙanƙanta. Wasu kwalaye kuma na ɗauke da 1080p, alhali abin da ake nufi shi ne talabijin ɗin na iya karɓar hoto mai wannan girma, ta matse shi ya shiga ɗigon da take da su. Karɓa daban, nunawa daban. Idan hoton ƙwallo ne ba mai lura. Idan rubutu ne, matsewar na narkar da gefen kowane harafi.

Ko talabijin mai Full HD ta gaskiya tana da halayen da ba su dace da aikin ofis ba. Wasu na yanke gefunan hoto su faɗaɗa sauran, al'adar da suka gada daga zamanin tashoshin eriya, har maɓallan ƙasan Windows su ɓace. Wasu na rage bayanin launi, abin da ke sa jan rubutu ko shuɗi ya yi dishi-dishi. Ana iya gyara wasu daga ciki idan talabijin ɗin na da saitin da aka rubuta wa PC, amma ba kowacce ke da shi ba.

Wannan ba ya nufin talabijin ba ta da amfani a shago. Don nuna wa kwastoma hotonsa daga nesa, ko koyar da ɗalibai goma a aji ɗaya, ta fi allon kwamfuta. Don nesa aka ƙera ta.

Nisan ido da faɗin tebur

Nisa shi ne ƙafa ta uku ta murhun, bayan inci da ɗigo. Likitocin ido na ɗaukar lafiyayyen gani a matsayin wanda ke iya bambance abin da faɗinsa ya kai kashi ɗaya cikin 60 na digiri ɗaya. Daga nan ake samun ƙa'ida mai sauƙi: a raba 8,700 da yawan ɗigon da ke cikin inci, abin da ya fito shi ne nisan, a santimita, da ido zai daina ganin ƙwayoyin ɗaya-ɗaya.

Allo mai 109 na buƙatar santimita 80. Mai 92 na buƙatar 95. Mai 82 ya wuce mita ɗaya kaɗan. Talabijin mai 49 kuwa sai mutum ya ja baya kusan mita ɗaya da santimita 80, nisan da hannu ba ya kai wa madannai sai da doguwar waya. A kan wannan ƙa'idar ce kamfanin Apple ya kafa tallar wayarsa ta iPhone 4 a 2010, mai ɗigo 326 a inci, don waya kusa da fuska ake riƙe ta.

Teburin da kafinta ke haɗa wa ƙaramin shago ba ya cika wuce santimita 60 daga gaba zuwa baya ba. Allo mai inci 32 na da faɗin kusan santimita 71 da tsayin 40. Wanda ya zauna kusa da shi haka, ba ido kaɗai zai motsa ba, har wuya, daga safe zuwa magariba. Mai inci 24 na da faɗin santimita 53 da tsayin 30, kusan daidai da tsayin takardar A4, wadda ke da 29.7. Mai inci 27 na da 60 da kusan 34, saboda haka shafi biyu na A4 na zama gefe da gefe a girmansu na zahiri, har da ragowar wuri. Ga mai kwafe wasiƙa daga wani shafi zuwa wani, wannan shi ne ainihin ribar inci 27, muddin ɗigon sun kai 1440 a tsaye.

Amma a yi wa allo mai inci 27 da Full HD adalci. Masu sharhin kayan kwamfuta na yawan kushe shi, kuma ga matashi mai kaifin ido suna da gaskiya. Ga dattijon magatakarda da ya haura shekara 50, wanda ƙananan rubutu suka fara gagararsa kuma gilashin karatu bai samu ba, manyan haruffan nan rahama ne. Shi ne mutumin da ƙorafinsa na inci ne da gaske. Kafin a sayo, ya kamata a san wane ne zai zauna a kujerar.

Lanƙwasar da ke raba kafa da ƙafa

Akwai wani dalili da ya shafi masu rubuta Hausa musamman. A watan Maris na 2025, kundin sake gina ƙasa da hukumomin Nijar suka ƙaddamar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Duk yadda aiwatar da hakan zai kasance, masu buga takardu a gari irin Filinge na cikin waɗanda za a fara miƙa wa rubutun Hausa.

Rubutun Hausa kuwa ya rataya ne a kan ƴar lanƙwasa. Ita ke raba kafa da ƙafa, dauka da ɗauka, bata da ɓata. Harafi mai girman lamba 10 a Windows, idan ba a ƙara saiti ba, tsayinsa gaba ɗaya ɗigo 13 ne. Lanƙwasar saman ɗ ko ƙ ba ta samun fiye da biyu ko uku daga ciki. A allon da ke nuna ɗigonsa na asali, biyun nan na fitowa tsaf. A talabijin ɗin da ke matse hoto, su ne farkon narkewa, kuma mai gyara rubutu zai wuce kuskure bai gani ba. Haka abin yake ga alamomin saman é da è na Faransanci, da wasullan Larabci da ajami.

A nan ne allo mai cunkoson ɗigo ke nuna fifikonsa. Mai 3840 da 2160, wanda aka fi sani da 4K, a inci 27 yana da ɗigo 163 a inci. Ba a iya aiki da shi haka nan, sai an sa Windows ta ƙara girman komai zuwa kashi 150 cikin ɗari. Idan aka yi haka, wurin aiki na komawa daidai da na QHD, amma harafin nan mai ɗigo 13 ya zama mai 20. Kamar hula ce mai ƙananan ɗinki: zanen ɗaya ne, amma ya fi fita.

Matsalar ita ce tsofaffin manhajoji, irin waɗanda har yau ake samu a ofisoshi da shagunan hoto, ba duka ne suka san wannan ƙarin girma ba. Wasu na fitowa dishi-dishi, wasu kuma maɓallansu na tsukewa har sai an sa ido sosai. Mai 4K na da daɗi ga wanda kayansa duka sababbi ne.

Ramin da ke gefen kwamfuta

Allo ba ya nuna abin da kwamfuta ba ta aiko masa ba. Wannan shi ne abin da ɗan ci-rani, da ke tsaye a shago a Lyon ko Computer Village ta Ikeja, ba ya iya gani, domin kwamfutar tana Filinge.

Ramin nan mai shuɗin baki da ƙananan huda 15, wato VGA, kamfanin IBM ne ya fito da shi a 1987. Yana iya ɗaukar Full HD, amma doguwar waya ko maras kyau na sa rubutu ya yi inuwa. HDMI ya fi shi, sai dai shi ma hawa-hawa ne. Samfurin 1.4 na 2009 na kai 4K ne da sabunta hoto sau 30 kawai a daƙiƙa, abin da ke sa kibiyar linzami tafiya tana tsalle. Sai samfurin 2.0 na 2013 ne ya kai sau 60.

Kwamfutocin ofis na wajajen 2011 da 2012, irin su ThinkPad da EliteBook da Latitude masu na'urar hoto ta Intel HD 3000 ko 4000, bisa ƙa'idar kamfanin suna tsayawa ne a 1920 da 1200 ta HDMI, amma suna kai 2560 da 1600 ta ramin DisplayPort. Ma'ana, allon QHD zai iya aiki da su, amma sai da wayar da ta dace, kuma wayar ba lallai a same ta a kasuwar gari ba. Idan aka haɗa shi ta ramin da bai kai ba, allon zai karɓi Full HD ya baza a kan ɗigonsa, hoton ya fi na allo mai araha muni.

Ga wanda aljihunsa bai kai ba, akwai wata hanya da ake rainawa. Tsofaffin allunan ofis masu kusan murabba'i, inci 17 ko 19, na da ɗigo 1280 da 1024. Ba su da kyan gani, amma sun fi allon tafi-da-gidanka da ɗigo 256 a tsaye, kusan layi 13 na Excel. Idan aka ajiye ɗaya a gefen kwamfutar, aka sa takardar da ake kwafa a wancan, wadda ake rubutawa a wannan, wurin aikin ya ninka har da ɗoriya. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Wuta

A Nijar ba a maganar kayan lantarki a tsallake maganar wuta. Kafin juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar da kamfanin NIGELEC ke rabawa daga Najeriya take zuwa. Najeriya ta katse ta a watan Agustan shekarar ƙarƙashin takunkumin ECOWAS, ba ta dawo ba sai bayan ɗage takunkumin a Fabrairun 2024. Darasin da masu ƙananan sana'o'i suka ɗauka shi ne a tanadi sola da batir.

Ga mai aiki da batir, kowane wat lissafi ne. Allo mai inci 24 na zamani na cin wajen wat 15 zuwa 25. Girma na ƙara ci, domin fitilar baya ce ke shan mafi yawan wutar, kuma cunkoson ɗigo na ƙara wa fitilar aiki. Manya masu 4K na iya ninka wannan adadi ko fiye.

A ɗauki batir mai bolt 12 da amfiya 100, irin na ruwa. Abin da ke cikinsa wat 1,200 ne na awa ɗaya, kuma rabi kawai ake so a sha idan ana son ya daɗe, wato 600. Allon da ya fi wani cin wuta da wat 20, a yinin aiki na awa 10, ya sha 200, kashi ɗaya cikin uku na abin da ake da shi. Wannan kason ne da zai juya fanka a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, iyakar da kamfanoni da yawa ke rubutawa a matsayin mafi zafin da allonsu zai yi aiki a ciki.

Masu saye a Turai na da sauƙi a nan. Tun watan Maris na 2021, takardar makamashi da Tarayyar Turai ke tilasta mannawa a allo da talabijin na nuna girman allon, da lambobin ɗigonsa na gaskiya, da wutar da yake ci a awa 1,000. Lambar ƙarshen nan daidai take da wat: idan an rubuta 17, wat 17 ke nan. Duk abin da ake buƙata na kan ƴar takarda ɗaya, kuma hotonta ɗaya a WhatsApp ya wadatar.

Kafin kuɗi su bar hannu

Tun bayan rufe iyakar Nijar da Benin a 2023, kayan da a da ke sauka a tashar ruwan Kwatano su haura ta Gaya sun koma bin doguwar hanya, kuma mai saye ne ke biyan kuɗin zagayen. Shi ya sa wasu ƴan ci-rani ke gwammace tura kuɗin ta kamfanoni irin su Nita ko Al Izza, a sayi allon a Babbar Kasuwar Yamai, ko a sa wani ya ɗauko daga titin Beirut a Kano. Ga mai tura Yuro, bambancin Yuro 50 tsakanin allo biyu ya kusa jika 33 na sefa. A Filinge ba ƙaramin kuɗi ba ne, kuma ya cancanci a san ko ɗigo zai saya ko gilashi.

Ko a ina za a saya, maganar mai shago ba ta kai lambar samfurin da ke manne a bayan allon ba. Idan aka rubuta ta a intanet, ɗigon gaskiya za su fito. Ana kuma iya haɗa allon da kwamfuta a shagon, a danna linzamin dama a buɗe Paramètres d'affichage, a duba lambar da Windows ta rubuta wa recommandé. Ga allon kwamfuta wannan gwaji na faɗin gaskiya. Ga talabijin ba koyaushe ba, domin wasu na gabatar da kansu da 1920 da 1080 alhali 768 ne a jikinsu.

Idan na gwanjo ne, a cika shi da farin shafi, sannan baƙi, sannan ja. Matattun ɗigo da tabon da ya yi rawaya a nan suke tona kansu. A kuma zaɓi gilashi maras sheƙi, domin shagon da ƙofarsa ke kallon titi rana na shigo masa, kuma allo mai sheƙi madubi yake zama.

Daga ɓangaren Filinge ma akwai hoton da ya kamata a tura tun kafin a fara ciniki: na ramukan da ke gefen kwamfutar, da na takardar da ke manne a ƙasanta, da awon teburin ko da da taƙi ne.

Sauran aikin na direba ne. Allo a tsaye ake ɗora shi, cikin kwalinsa da soson da ya zo da shi, ba a kwance a saman mota ƙarƙashin buhunan shinkafa ba. Gilashin ciki na iya tsagewa alhali na waje lafiya lau, kuma ba za a sani ba sai an kunna shi a Filinge an ga baƙin tabo na yaɗuwa daga kusurwa kamar tawada a takarda. Gwargwadon faɗin allon, gwargwadon sauƙin lanƙwasarsa a gargadar hanya, kuma allon da ya tsage ta ciki, kuɗin gyaransa na kai wa na sabo.